Littafin Da Na Raba Biyu

Ni Raliya, wadda 'yan kasuwar Kafanchan suka fi sani da Maman Nabila mai littattafai, na taɓa yin wata dabara da na ɗauka wayo ce, ta kusa raba ni da rumfar da na shekara goma sha uku a cikinta. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, sannan godiya ta biyo baya, kuma godiyar ta fi yawa.

Rumfar ba tawa ba ce ni kaɗai. Bayan gobarar da ta cinye kasuwa a rikicin shekarun baya, da aka sake rabon wuri, kowa ya ja jiki ya koma kusa da nasa. Ni da Jacinta, wadda muke kira Maman Zamani, mu ne muka ƙi jin magana. Ita tela ce, 'yar Kagoma, mai zuwa coci sau uku a mako. Ni kuma mai ba da hayar littattafan Hausa ce, sana'ar da na gada wurin babana. Kafin gobara rumfunanmu na jingine da juna, bayan gobara sai muka karɓi guda ɗaya, aka rubuta sunayenmu biyu a takardar ƙungiyar 'yan kasuwa. Keken ɗinkinta a dama, kantocina a hagu. In na tafi sallah ita ke ba da littafi, in ta tafi zumuntar mata ranar Talata ni ke karɓar ɗinki, har na iya awon kafaɗa ba wanda ya koya mini. Mutane sun yi surutu har suka gaji suka ƙyale mu.

Hayar littafi kuwa, kowa ya san waya ta gama da ita. Matan da a da suke yi mini layi, yanzu kowacce ta dunƙule a kujera tana shafa gilashi da yatsa. Wata rana sai in wuni ina korar ƙuda, Jacinta tana tsokanata wai in zo ta koya mini sa maɓalli kafin yunwa ta kashe ni.

Ana cikin haka aka aiko mini da ƙunshin littattafai daga Kaduna. A ciki akwai wani mai kauri kamar bulo, sunansa Saura Kwana Sha Ɗaya. Marubucin bai sa sunansa ba, kuma da na karanta na gane dalili. Labarin ƙarshen duniya ne. Masana sun hango wani ƙaton dutse daga sama zai faɗo nan da kwana goma sha ɗaya, gari ya rikice, wata ma'aikaciyar jinya ta ɗora uwarta marar lafiya a baro tana neman inda za su fake. A rabin farko ta je wata babbar majami'a, inda wani fasto mai farar kwat ya ce an nuna masa a wahayi cewa harabarsa kaɗai za ta tsira. Ya sa aka rufe ƙofa, ana buɗe wa masu motoci, gwauraye da marayu suna kwana a bakin katanga suna waƙa. A rabi na biyu ta tura baronta zuwa ɗaya gefen garin, ta tarar da wani malami mai ɗimbin mabiya ya hana kowa hawa dutse ya shiga kogo, ya ce gudu rashin tawakkali ne, alhali 'ya'yansa suna ta jigilar abinci zuwa kogon da ya tanadar wa kansa. Yadda aka ƙare ba zan faɗa muku ba, ku zo ku ara.

Marubucin bai taɓa Allah ba, bai taɓa littafin addinin kowa ba. Masu riƙe da makullin ƙofa kawai ya sa a gaba, kuma bai ragar musu ba. Na gama shi cikin kwana uku, na rufe. Ya yi mini daɗin da na daɗe ban ji ba, kuma ya ba ni tsoro. A Kafanchan ba a wasa da irin wannan. Mun ga yadda ƙaramar magana da safe take zama hayaƙi kafin la'asar. Mai hankali da ya cusa shi ƙarƙashin kanta ya manta da shi. Ni kuwa hankalina na kasuwa ne.

Akwai wata al'ada ta masu haya da na taso na tarar. In littafi ya cika kauri, sai a bi gadon bayansa da reza a raba shi biyu, a yi wa kowane rabi bango da takardar buhun siminti, don mutum biyu su karanta a lokaci guda. Babana ya yi, ni ma na yi ba adadi. Da na duba sai na ga wannan kamar domina aka tsara shi: labarin faston ya ƙare daidai tsakiya, na malamin ya fara a shafi na gaba. Na sa reza, na yi bango biyu, na rubuta suna ɗaya a kan kowanne.

Rabin faston na ajiye wa mutanenmu. Rabin malamin na miƙa wa Jacinta, na ce ta kai wa matan zumunta su ɗanɗana.

Ta juya shi ta ce, "Maman Nabila, ai wannan daga tsakiya ya fara. Ina farkon?"

"Ruwa ya ci shi a mota," na ce, ko ido ban ƙifta ba. "Amma ba ki rasa komai ba, daga nan labarin ya ɗau zafi."

Mutanenmu kuwa ko doguwar ƙarya ban buƙata ba. Mai karatun littafin Hausa ya saba da jiran na biyu, wani sai ya shekara yana jira bai yi ƙorafi ba. In an tambaya sai in ce na biyu bai fito ba tukuna, su ce Allah ya fito da shi, in ce amin.

A raina na gaya wa kaina cewa zaman lafiya nake karewa. Kowa zai karanta abin da ba zai ɓata masa rai ba, ina laifi? Gaskiyar ita ce na san abin da ke wa kowane gefe daɗi, na ba shi.

Wai! Littafi ya karɓu. Cikin mako biyu rabin faston ya zaga gidaje har bangonsa ya yi laushi, masu gaggawa suka fara kai shi fotokwafi. Na malamin ma haka, a can unguwannin su Jacinta. Mata suka dawo rumfa, wadda ta zo ba ta samu ba sai ta ɗauki wani ta rage zafi. Kantocin da suka yi shekaru ba a taɓa ba suka fara motsi.

Abin da ya fi ba ni mamaki maza ne. Alhaji Jibir, babban dillalin hatsi kuma shugaban layinmu, mutumin da kullum yake cewa littafin ƙagaggen labari aikin matan da ba su da abin yi ne, ya tsinci rabin faston a ɗakin matarsa. Sai ga shi da ƙafarsa a bakin rumfa, babbar riga da komai.

"Raliya," ya ce, ya saci kallon Jacinta ya rage murya, "wannan marubuci Allah ya yi masa albarka. Ya san mutanen nan ciki da waje. Jiya na karanta wa jama'a a majalisa bayan la'asar, har wani ya faɗo daga benci don dariya. In na biyu ya iso, ni ne farko."

Na ce, "In sha Allahu, Alhaji."

Bayan kwana biyu Baba Rufus ya zo. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dattijon ikilisiyar su Jacinta, mai tafiya da sanda da hular sanyi ko ana rana. Ya gaishe ni da hannu biyu.

"Sannu da aiki, 'yata. Na karanta littafin nan na malam. Ke mace ne mai gaskiya. Ba kowane Musulmi zai yarda irin wannan ya fita daga hannunsa ba. Ubangiji ya sa miki albarka."

Na ce amin ban dubi fuskarsa ba, na ci gaba da sana'ata.

Akwai abin da nake gani kullum ina kau da kai. Matan unguwarmu in sun zo rumfa sai su haɗa kai suna ƙus-ƙus, wata ta ce "farar kwat", su kwashe da dariya. Jacinta, baiwar Allah, tana kan kekenta, sai ta ɗago ta yi musu murmushi, ta jawo musu benci, wani lokaci har ta taya su dariyar ba ta san ta mece ce ba. Ƙawayenta ma in sun zo sukan yi nasu ƙus-ƙus ɗin a kan malamin kogo, amma ni na san abin da suke wa dariya, don ni na ba su. Haka muka yi wata biyu.

Asirina bai tonu a hannun maƙiyi ba. Yara biyu ne masu son yi mini alheri suka tona shi. Rukayya, 'yar Alhaji Jibir, tana karatu a reshen jami'ar jiha da ke nan garin, ɗakinsu ɗaya da wata Lucy. Kowacce tana da fotokwafin rabinta. Lucy ta ga suna iri ɗaya a kan gadon Rukayya, suka haɗa, suka ga inda lambar shafin wannan ta tsaya nan ta wancan ta ɗora. Ranar Litinin da hantsi, rumfa cike da mata, sai ga su sun sauko daga keke napep suna tsalle.

"Anti, albishirinki!" in ji Rukayya. "Mun samo miki na biyu! Ashe ya daɗe da fitowa, yana wurin su Lucy."

Lucy ta ce, "Mu kuma mun ga na ɗaya da ruwa ya ci. Anti, littafin nan bai bar kowa ba fa, fasto da malam duk ya wanke su tas!"

Keken Jacinta ya tsaya. Ta miƙa hannu, suka ba ta. Ta dubi bangon farko, ta dubi na biyu, duk rubutuna ne, kuma ta san rubutuna kamar yadda ta san nata. Ta buɗe rabin faston ta karanta shafi ɗaya a tsaye, ta juya ta karanta wani. Na ga inda idonta ya tsaya a kan farar kwat.

"Ruwa ya ci shi a mota," ta ce a hankali.

Matan da ke rumfa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da labari a bakinta.

Kafin azahar kasuwa ta ɗauka. A layin 'yan hatsi ana cewa wata Kirista mai ɗinki ta baza littafin zagin malamai. A layin 'yan doya ana cewa wata Musulma ta yi wata biyu tana raba littafin zagin fastoci. Samari suka fara tsayawa a bakin layinmu, ba saye ba sayarwa. Allah ya sa kasuwarmu tana da kwamitin zaman lafiya, kuma shugabanninsa biyu su ne Alhaji Jibir da Baba Rufus. Suka aiko aka sa wa rumfa kwaɗo, aka ce mu bayyana a ofishin ƙungiya ranar Alhamis. Dokar kwamitin kowa ya san ta: rumfar da ta jawo fitinar addini, an karɓe ta ke nan.

Kafin a rufe, Jacinta ta kwance kan kekenta daga teburi, ta naɗe shi a zane. Na kama gefen zanen na ce, "Maman Zamani, don Allah ki saurare ni. Tsoro na ji. Na ga in kowa ya karanta duka..."

"Ba littafin ne ya dame ni ba," ta ce. "Faston nan na san irinsa, ba yau ba. Abin da ya dame ni, wata biyu mutanenki suna zuwa rumfan nan suna dariya a kaina, ni ina ba su benci. Ina taya su ma."

"Ai naku matan ma sun yi..."

"Ke kin san abin da suke dariya. Ni ban sani ba." Ta ɗora keken a ka. "Ko kwamiti ya bar rumfan, ni zan nemi waje kusa da gida."

Ta tafi. Wannan magana ta fi kwaɗon yi mini ciwo, domin ko an mayar mini da rumfa, ban san me zan yi da rabin da babu kowa a ciki ba.

Kwana ukun nan na yi su a gida kamar mai takaba. Na ji labarin cewa Rukayya ta kai wa babanta rabin malamin, ya karanta, ya ƙi cin abincin rana. Na ji an kai wa Baba Rufus rabin faston. Na shirya jawabai kala-kala na kare kai, duk wanda na gwada a bakina sai in ji warin ƙarya.

Ranar Alhamis bayan azahar ofishin ƙungiya ya cika har taga. Alhaji Jibir da Baba Rufus suna kan teburi, rabi biyun na asali suna gabansu, kowanne ya sha hannu. Jacinta tana can ƙarshen benci, ba ta dube ni ba. Wani matashi daga cikin namu ya tashi ya ce a ƙona littafin a kori mai ɗinki. Wani daga nasu ya ce a ƙona littafin a kori mai haya. A kan ƙonawa dai sun yi ittifaƙi, abin da na daɗe ban ga sun yi a kan komai ba.

Aka ce in yi magana. Duk jawaban da na shirya suka gudu suka bar ni.

Na ce, "Jacinta ba ta san komai ba. Ni na karanta littafin duka, ni na raba shi, ni na zaɓi wanda zan ba kowa. Na ba Musulmi na fasto, na ba Kirista na malam, don na san kowa zai ji daɗi. Na yi wa kowa ƙarya, har da ita. In za a kori wani, ni ce."

Baba Rufus ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya juya wajen abokin zamansa.

"Alhaji, ina da tambaya. Da ka karanta na faston, ka yi dariya?"

Alhaji Jibir ya gyara zama. Rabin mutanen da ke ɗakin suna majalisar da ya karanta shi, ba hanyar musu.

"Na yi," ya ce.

"Sosai?"

"Baba Rufus, na ce na yi."

"To ni ma na yi a kan malamin. Har na kai shi zumuntan maza, na ce su ga yadda ake ruɗin mutane a wancan gefe." Ya ɗauki rabin faston ya riƙe. "Shekaranjiya aka kawo mini wannan. Na zauna zan yi fushi. Na karanta, fushin bai zo ba. Ƙanwata ne ya zo mini a rai. Wasu a nan sun san ta. Ciwon suga ne da ita, wani mai gidan addu'a ya ce ta zubar da magani, wai shan magani rashin bangaskiya ne. Ta zubar. Mun binne ta kafin Kirsimeti. Shekara tara ban taɓa faɗin wannan a gaban Musulmi ba, don kada ku yi mana dariya. A coci ma ban faɗa ba, don kada a ce ina taɓa bawan Allah. Wannan mai littafin, ko wane ne shi, ya faɗa a madadina. Ni dai na gode masa. Wanda zai ƙona shi, ya fara karɓa daga hannuna."

Saurayin nasu da ya ce a ƙona ya sunkuyar da kai.

Kowa ya koma kallon Alhaji Jibir. Na ɗauka shi ma zai kawo irin nasa labarin, amma Alhaji ba mutumin haka ba ne. Fuskarsa a murtuke take.

"Ni ban gode masa ba," ya ce. "Ya yi ƙari. Malaman da na zauna a gabansu ba haka suke ba, kuma rabin nan ba zai sake kwana a gidana ba." Namu suka fara gyaɗa kai. Ya ɗaga hannu. "Amma ku tsaya. Da bakina na ce Allah ya yi wa marubucin nan albarka, a gaban jama'a, lokacin da nake zaton maƙwabtana kaɗai ya taɓa. Ban ce ya yi ƙari ba a lokacin. Yau in na ce a rufe rumfa don ya iso kaina, to ba addini nake karewa ba, son kai ne, kuma Allah yana gani. Ba zan sa hannu a karɓe rumfar nan ba."

Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Mutumin nan ransa a ɓace yake, yana da iko, yana da jama'a a bayansa masu jiran ya ce a yi, ya zaɓi ya kunyata kansa. Har gobe in ya wuce sai na tashi tsaye na gaishe shi.

Ya juyo kaina, kuma bai sassauta ba. "Ke kuma Raliya, kin mai da mu yara. Kin auna mu kamar hatsi, kin san mudun kowa. Abin takaicin shi ne awonki ya yi daidai." Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. "Hukunci: ko dai littafin ya bar kasuwar nan, ko a haɗe shi. Ba a sake ba kowa rabi. Wanda zai karanta ya karanta duka, in ya ga ba zai iya ba ya ajiye. Baba Rufus?"

"Na yarda. A buɗe musu rumfa."

Aka watse. Mutane suna ta yi mini barka, ni idona na kan ƙofa, don Jacinta ta riga ta fita.

Ranar Juma'a na buɗe rumfa ni kaɗai. Teburin kekenta yana nan an ture shi gefe, da ramin da kan keken yake zama. Na share wurin, na goge teburin, na zauna. Masu haya suka zo, har da waɗanda ban taɓa gani ba, kowa na tambayar littafin nan mai rabi biyu. Na ce ba ya fita sai an haɗe shi. Wata ta kawo ɗinki, na ce tela ba ta nan. Ta ce yaushe za ta dawo, na ce ban sani ba.

Asabar ma haka. Na yi niyyar zuwa gidanta, na kai bakin titi na dawo, don ban san da wace fuska zan shiga ba. Na tura mata saƙo a waya, kalma uku: ki yafe mini. Ba ta amsa ba.

Ranar Litinin da safe ina jera littattafai sai na ji keke napep ya tsaya. Jacinta ce, da ƙunshin zane a hannu. Ta shigo ta ajiye shi a ƙasa, ba ta kwance ba.

"Ina kwana, Maman Nabila."

"Lafiya lau, Maman Zamani. Ya gida? Ya Zamani?"

"Lafiya. Kawo littafin."

Na miƙa mata rabi biyun. Ta zauna a benci, ta ciro babbar allura da zaren da take ɗinke jaka da shi, ta daidaita gefunan a kan gwiwarta ta fara huda. Ina tsaye kamar wadda ta zo aro.

"Na karanta na faston jiya bayan sujada," ta ce, idonta na kan allura. "Lucy ya ba ni. Na kai wajen da matan nan suke waƙa a bakin katanga, na yi kuka. Na ce, to wannan ne mutanen Raliya suke dariya? Sai na tuna ni ma na yi dariya a wajen da tsohon nan ya ƙi hawa dutse don malam ya hana, ya zauna da jikokinsa. A gabanki na yi. Ba ki ce komai ba."

"Ba ni da bakin cewa komai. Ni na ba ki."

"Ke kin ba ni, amma ba ke kin buɗe mini baki ba." Ta ja zare ta ƙulle, ta cije shi da haƙori. "Na je na duba wani shago kusa da gida. Yana da kyau, har da silin. Na tsaya a ciki, na ce to in na tafi zumunta wa zai karɓa mini ɗinki?"

Na buɗe baki zan yi godiya, ta ɗaga allura ta tsayar da ni.

"Ban gama fushi ba, kada ki yi murna da yawa. Abu ɗaya zan gaya miki. Daga yau in ana dariya a rumfan nan, ko a kaina ne, ko a kan cocinmu ne, ki gaya mini abin da ake dariya. Ni zan zaɓa ko in taya ko in tashi. Kada ki sake zaɓa mini."

"Na yi alkawari," na ce.

Ta miƙo mini littafin, ya koma guda, ɗinkin ya fi na kamfani ƙarfi. Sannan ta durƙusa ta kwance zanen, kan keken ya bayyana. Ta kama gefe ɗaya na teburin ta dube ni.

"Tsayuwa za ki yi? Kama mu mayar da shi."

Na kama. Hawaye sun rufe mini ido ban ga inda nake sa ƙafa ba, sai da ta daka mini tsawa ta ce in riƙe da kyau kada in karya mata teburi.